Kun Sha Ruwa, Kun Zagi Mai Rijiya

Tun ban buɗe baki ba na hango Malam ya gyara zaman tabarau, ya taɓe baki. "To, yau kuma wa'azin ladabi za a yi mana, a kan wasu mutanen da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba?" Shi za a yi, Malam, kuma da kai za a fara. Kar ka ajiye wayar nan da ke hannunka. Riƙe ta da kyau, ita ce shaidar da zan gabatar a kanka.

Duba fuskarta. Ka ga ɗan hoton nan mai kama da mazurari a kife, ruwan goro da ratsin fari, irin wanda masu aikin titi ke jerawa? Wanda kake dannawa da zarar mai turi ya cika maka waya da fina-finai? Sunansa VLC. Nawa ka biya da ka sauke shi? Ko sisi. Sau nawa ya tsayar maka da fim ana tsakiyar rikicin kishiyoyi ya ce sai ka kalli tallar sabulu? Ko sau ɗaya. Ɗalibai ne suka faro shi a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, École Centrale ta Paris, aka sake shi ga duniya kyauta a 2001, kuma har yau wata ƙungiya da ba ta neman riba, VideoLAN, ita ke riƙe da shi. Shugabanta, Jean-Baptiste Kempf, ya sha ba da labarin yadda aka yi masa tayin miliyoyi don ya cusa talla a ciki, ya ce a kai kasuwa. Irin wannan ita ake kira buɗaɗɗiyar manhaja: rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Da yawa daga masu yi mata hidima 'yan sa-kai ne. Sai sun taso daga aikin da ke ciyar da su, an ci tuwon dare, yara sun yi barci, sannan su buɗe kwamfuta.

To ranar da wani fim ya ƙi buɗewa, me ka rubuta musu a wurin ba da taurari? A'a, kar ka maimaita, akwai yara a wurin.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Alhaji daga can kan kujera. "Babu mai aikin shekara da shekaru a banza. Akwai abin da suke samu." Haba Alhaji, wannan magana daga bakinka? Kai da ka haƙa burtsatse a ƙofar gida ka ce sadaka ce ga marigayi mahaifinka? Kai da ka tashi a garin da ake kiran gayya, a share maƙabarta, a yashe kwata kafin damina, ba wanda ya tsaya cinikin lada? Amma na ba ka rabin gaskiya. Wasu suna suke nema, wasu koyo, wasu matsalar kansu suka magance suka ga ba amfanin ɓoye maganin, wasu kuma kamfanoni ne ke biyansu albashi su yi aikin. Yawancin gyaran da ke shiga Linux a yau ma daga hannun ma'aikatan kamfanoni yake fitowa. Sai dai duk abin da suke samu, ba daga aljihunka ya fito ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban ce kai ne kuturun ba, Alhaji, karin magana ce. Abin nufi, wannan wanzamin bai ci ladanka ba. Askin da yake maka alheri ne, ranar da ya gaji ya naɗe zabirarsa, babu alƙalin da zai aika masa sammaci. Takardar lasisin da ka tsallake ba ka karanta ba ma ta faɗa da manyan baƙaƙe: ga kaya nan yadda suke, babu garanti, in sun ɓata maka aiki kar ka nemi mai yi.

"Ni dai ba ruwana," in ji Hajiya. "Ba na kallon fim, ban san wata buɗaɗɗiyar manhaja ba. WhatsApp kawai nake yi, in tallata atamfa da leshi." Allah ya ƙara kasuwa, Hajiya. In wayarki Android ce, a kan Linux aka ɗora ta, wanda wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991 yana cewa abin sha'awa ne kawai, ba zai zama wani babban abu ba. Lambobin kwastomominki da saƙonnin masu cewa "zan turo gobe" kuwa, a cikin wata 'yar ma'ajiya suke kwance mai suna SQLite, wadda ke cikin kowace Android da kowace iPhone. Bari ki ji abin da ya sami masu wannan ma'ajiya. Wajen 2006, kamfanin McAfee mai manhajar kare kwamfuta ya sa ta cikin kayansa, sai ta riƙa barin wasu ƙananan fayiloli masu ɗauke da sunan sqlite a kwamfutocin jama'a. Mutane suka ga fayil ba su san daga inda ya fito ba, suka nemi sunan a Google, suka tono lambar wayar masu SQLite, suka riƙa tashinsu daga barci da tsakar dare suna zazzaga musu masifa. Ba su suka sayar musu da komai ba, ba su ma san da zamansu a duniya ba. Maganin da bayin Allah suka samo shi ne su juya sunan ta baya. Shi ya sa har gobe in kin ci karo da fayil da ya fara da etilqs a kwamfuta, tabon masifar mutane kike kallo. Mutum ya yi kyauta, an sa shi yana ɓoye sunansa kamar wanda ya ci kuɗin adashi.

Ga kuma wani ɗan Suwidin, Daniel Stenberg. Tun 1998 yake rainon wani ɗan kayan aiki mai suna curl, wanda aikinsa ɗauko bayani daga intanet da kai shi. Yana cikin wayoyi, da talabijin, da motoci, da na'urorin wasa, biliyoyinsu. Kusan shekara 20 yawancin aikin a lokacin hutunsa ya yi shi, sai a 2019 ya zama sana'ar da yake ci da ita. Da yake lasisi ya ce a rubuta sunan mai abu a cikin kaya, sai mai mota ya yi ta laluben allon motarsa, ya ci karo da sunan mutum ɗaya tak da adireshinsa na imel, ya ce yawwa, ga mai laifin. Wannan ya rubuto masa taswirar motarsa ta rikice, wancan ya ce sauti na makara in ya haɗa waya da rediyo. A 2017 Sarkin Suwidin ya miƙa masa lambar yabo ta Polhem da hannunsa. A Fabrairun 2021 wani ya aiko masa da saƙo cewa zai yanka shi. Duk a kan aiki ɗaya.

Na ji gyaran muryarka, Yallaɓai. "Ai waɗannan 'yan tasha ne. Mu a ofis mun san tsari." Naku ya fi ciwo, Yallaɓai, domin naku da hatimi yake zuwa. A Disamban 2021 aka gano wata ɓaraka a Log4j, wani ɗan kayan aiki da manhajojin Java ke rubuta duk abin da ya faru da shi, kamar littafin mai gadi a bakin ƙofa. Ɓarakar kuwa ba ƙarama ba: ɓarawo zai aiko da ɗan gajeren rubutu, mai gadin ya rubuta shi a littafi, shi ke nan ragamar gidan ta koma hannun ɓarawo. Manyan kamfanonin duniya duk suna amfani da shi. Masu kula da shi kuwa 'yan tsiraru ne, 'yan sa-kai a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Suka wuni suka kwana suna toshiya, ba albashi, duniya na jifansu ta ko'ina. Ɗayansu, Volkan Yazıcı, ya fito ya ce sashen da ake zaginsu a kai ma su kansu ba sa ƙaunarsa, sun bar shi ne don kada tsofaffin manhajojin mutane su tsaya.

Wata guda bayan haka, ɗaya daga cikin manyan kamfanoni 500 na Amurka ya aika wa Stenberg ɗin nan takarda mai jerin tambayoyi a kan Log4j, da umarnin ya amsa cikin awa 24. To curl ba shi da dangantaka da Log4j ko ta wajen kaka, da wani yaren kwamfuta ma aka rubuta shi. Kuma kamfanin bai taɓa ba shi ko kwabo ba. Ya amsa musu cikin ladabi cewa zai yi farin cikin ba su duk bayanin da suke so, da zarar sun sa hannu a kwangilar biyan kuɗin hidima. Yallaɓai, ko direbanka ba ka yanka masa wa'adin awa 24 sai ka tabbata ka biya shi na watan jiya.

Ga ɗan samari can da kwamfuta a cinya, tun ɗazu yake ɗaga hannu. "Gaskiya ɗaci gare ta. In abu ya lalace dole a faɗa. So kake mu yi ta lallashi?" Ƙanena, wa ya ce kar a faɗa? Masu manhaja roƙo suke a kawo musu rahoton tangarɗa, domin abin da ba su gani ba ba za su gyara ba. Yadda ake faɗar ne abin magana. Kuma tun da ka tsokano, bari in tona asirin kaina kafin wani ya tona.

Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta da nake tsara rubutu da ita. Wani dare, gari na wayewa zan miƙa aiki, na fitar da takarda sai na ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma 'yan akwatuna fanko. Ga ba wuta, ga batir na kuka, ga sauro na kiɗa a kunne. Na buɗe wurin kai ƙorafi na rubuta layi biyu da Turanci, duk da manyan baƙaƙe, ba gaisuwa: abin nan naku ba ya aiki, kun raina harsunan Afirka, ku gyara yanzu. Na danna aikawa ina jin kaina kamar na ƙwato wa Hausa 'yanci.

Kwana huɗu shiru. Na ce ka gani ko, girman kai. A na biyar amsa ta zo. Ya fara da ba ni haƙurin jinkiri, ya ce ranar Lahadi da yamma kaɗai yake samun zama a kan aikin, kuma shi kaɗai ne. Ya ce bai taɓa ganin waɗannan haruffa ba, bai ma san akwai su ba. Sai tambayoyi uku: wane zubi na manhajar nake amfani da shi, a kan wace irin kwamfuta, kuma ko zan taimaka masa da ɗan ƙaramin fayil da matsalar ke fitowa a ciki? Ya rufe da godiya, wai na nuna masa abin da bai sani ba.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Kwana huɗu ina faɗa a zuciyata da wani kamfani mai bene hawa goma, ashe bawan Allah ne guda da yammacin Lahadinsa. Kuma saƙon nawa, ban da rashin kunya, ba abin da zai tsinana masa. Kamar ka tsaya a bakin gareji ka daka wa bakanike tsawa "mota ta lalace!" sannan ka ja motar ka tafi. Na zauna na amsa tambayoyinsa, na haɗa masa da kalmomi shida: kare da ƙare, daka da ɗaka, bari da ɓari. Na bayyana masa cewa in 'yar lanƙwasar nan ta faɗi, kammala aiki sai ya koma dabba mai haushi. Abin ya ba shi dariya. Lahadi biyu ya gyara. Ya kuma ɗauki kalmomin nan shida ya sa su cikin gwajin da manhajar ke yi wa kanta kafin a fitar da kowane sabon zubi. Har yau kare da ƙare na can suna gadin ƙofa, a kwamfutar mutumin da na buɗe wa magana da tsawa.

Daga ranar na koyi yadda ake shiga gidan. Ka fara da gaisuwa, ba ta cin data. Ka duba ko wani ya riga ka kai ƙarar, domin in an kai, maimaitawa ƙarin shara ce ga mai sharewa. Ka faɗi zubin da kake amfani da shi da irin na'urarka. Ka jera abin da ka danna daki-daki, abin da ka zaci zai fito, da abin da ya fito. In da hali ka ɗauki hoton allo. Sannan ka ja bakinka ka jira. Ban da dawowa kowace safiya da "ina labari?" kamar mai bin bashin kuɗin cefane. Ban da "gobe zan nuna wa maigidana", domin maigidanka ba nasa ba ne. Sai uwar su duka, "ai wannan gyaran minti biyar ne". In minti biyar ne, bismilla, rubutun a buɗe yake, gyara ka aiko. In kuma ka nemi a ƙara wani abu aka ce a'a, ka karɓa. Mai cewa a'a ya san duk abin da ya karɓa yau, shi zai yi ta goyonsa shekara goma bayan kai ka manta. Ranar da aka gyara kuwa, ka dawo ka ce ya yi, an gode. Wannan layin shi ne wanda suka fi daɗewa ba su gani ba.

"Shi Linus ɗin da kake yabo ai ya fi kowa ashar!" Yawwa, na san wani zai jefo wannan. Gaskiya ne, shekara da shekaru Torvalds ya yi suna wajen wanke masu aiko masa da gyaran da bai gamshe shi ba, har wasu ƙwararru suka tattara nasu ya nasu suka bar aikin. Amma ƙarasa labarin mana. A Satumban 2018 shi da kansa ya fito ya ce halin nan nasa bai dace ba, ya nemi gafara, ya ɗauki hutun kusan wata guda don ya gyara, aka kuma kafa wa aikin Linux ƙa'idar mu'amala. Mutumin da ya ƙirƙiro Linux da Git ya ga bai fi ƙarfin ba da haƙuri ba. Kai me ka ƙirƙiro, ban da rukunin WhatsApp na 'yan ajinku? Wata biyu kafin nan, a Yulin 2018, Guido van Rossum, ɗan Holan da ya fitar da yaren Python a 1991, ya sauka daga jagorancinsa bayan wata doguwar taƙaddama a kan ƙara wata 'yar alama mai ɗigo biyu da layi biyu. Ya yi nasara a muhawarar, an karɓi alamar, amma ya ce ya gaji da yin irin wannan yaƙi yana ganin yadda ake tsanar hukuncinsa. Shekara 27 yana riƙe da abu, surutu ya sauke shi.

Yanzu mun iso wurin babban mai shakka, wanda ya naɗe hannu tun farko. "To in sun yi fushi sai me? Wani ya tafi, wani ya zo." Madalla da wannan tambaya, Malam, ita nake jira.

A Maris na 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya ji an yi masa rashin adalci: kamfanin Kik ya nemi sunan wata manhajarsa, masu rumbun npm suka ƙwace sunan suka ba kamfanin. Ya yi zuciya ya kwashe kayansa sama da 250 daga rumbun. A ciki akwai wani mai suna left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Cikin sa'o'i dubban ayyuka a faɗin duniya suka tsaya cak, sai da masu rumbun suka maido da shi da hannunsu. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Amma wannan wasan yara ne in ka ji na xz.

Shi xz kayan matse fayil ne ya rage masa girma, kamar yadda ake danne kaya a buhu. Yana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, har da manya-manyan da ke ɗauke da bankuna da shafukan intanet. Shekara da shekaru mutum ɗaya ke kula da shi, Lasse Collin, ba albashi. A ƙarshen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu kyau, cikin natsuwa. A 2022 sai ga wasu sunaye sun ɓullo da ƙorafi: aiki ya tsaya, gyaran da aka aiko ya yi wata da watanni ba a duba ba, mai kula da abin ya daina damuwa, in ba zai iya ba ya miƙa wa wani. Collin ya amsa cewa bai daina damuwa ba, rashin lafiya ce ta daɗe tana damunsa, kuma a riƙa tunawa aikin sa-kai ne da ba a biyansa. Aka yi masa sannu a layin farko, a layi na biyu aka koma kan bakan: a nemo wani. Wa ke tsaye a gefe, mai haƙuri, mai taimako, ba ya ɗaga murya? Jia Tan. Sannu a hankali aka damƙa masa makulli, har ya kai shi ke fitar da sabon zubi. A zubi na 5.6.0 da ya fita a Fabrairun 2024, da 5.6.1 da ya biyo baya a Maris, ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba mai wani makulli na musamman damar shiga kwamfuta ta SSH, hanyar da masu kula da manyan kwamfutoci ke bi su shiga daga nesa.

Wa ya kama shi? Ba hukumar leƙen asiri ba. Wani Bajamushe ne, Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL. Yana wasu gwaje-gwajensa sai ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima, kuma ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa, Malam! Kai da kake jiran shafi ya buɗe har shayi ya huce ba ka ce komai ba. Ya bi sawu har ya tono abin, ya sanar da duniya ranar Juma'a, 29 ga Maris, 2024. Allah ya taƙaita, gubar ta tsaya a zubin gwaji na su Debian da Fedora, ba ta kai ga wanda yawancin duniya ke aiki da shi ba. Har yau ba a san ko wane ne Jia Tan ba, mutum ɗaya ne ko gungu. Masu ƙorafin nan kuwa, da aka bi diddiginsu ba a ga wani tarihi nasu na a zo a gani ba, shi ya sa masu bincike da yawa ke zargin bakinsu ɗaya da shi.

Ga abin da ya kamata ya hana ka barci. Lokacin da suke matsa wa Collin, babu wanda ya ga baƙon abu a saƙonninsu. Sun yi kama da na kowa. Sun yi kama da nawa na daren sauro, sun yi kama da naka na ranar da fim ya ƙi buɗewa. A unguwar da kowa ke sallama, wanda ya faɗo gida ba sallama nan take ake gane shi. A inda kowa ke ihu kuwa, ɓarawo sai ya shiga cikin masu ihun ya fi kowa ɗaga murya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma kullum muna tsaye da guduma a jikin bangon, muna cewa ai gaskiya muke faɗa.

Na ga murmushin nan naka, Malam, ka samo lagona. "Ai shi ɓarawon mai ladabi ne! Ashe ladabin ne ya cuce su." Kai, Allah ya ja zamaninka, da lauya ka zama. Haka ne, ladabi ba shi ne shaidar amana ba, kuma bayan wannan lamari masu manhajoji sun ƙara taka-tsantsan wajen ba da makulli. Amma tambayi kanka me ya sa ladabin mutum ɗaya ya yi wannan tsada. Domin kayan sun yi ƙaranci a kasuwar ne. Mai ƙishirwa ba ya tambayar asalin wanda ya miƙo masa moɗa. Da Collin na da mutum goma masu taya shi da hannu da kyakkyawar magana, da Jia Tan ya zama na goma sha ɗaya a layi, kuma da akwai idanu ashirin a kan abin da yake shigarwa.

Alhaji ya dawo, bai haƙura ba. "Duk na ji. Amma godiya ba ta sayen buhun shinkafa." Wannan karon na sallama maka gaba ɗaya. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin mutane tsakaninsu da shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Da aka leƙa gidan sai aka tarar gudummawar da jama'a ke ba aikin ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Sai bayan an sha kunya manyan kamfanoni suka haɗa kuɗi ta hannun gidauniyar Linux don tallafa wa irin waɗannan ayyuka. To tun da kai ka kawo zancen shinkafa, Alhaji, yawancinsu suna da wurin karɓar gudummawa, kuma ba sa raina kaɗan. Yaba kyauta tukwici. Wanda ba shi da kuɗi yana da baki da hannu: ya fassara manhajar zuwa Hausa, ya amsa wa sabon shiga tambayar da shi ya riga ya san amsarta, ya gwada sabon zubi ya kawo rahoto, ko ya ba da muryarsa a shirin Common Voice na Mozilla, wanda akwai Hausa a ciki. Ina ma ku gwada, ko na wata guda. Ranar da ka kwana kana fassara kyauta, gari ya waye wani da ba ka sani ba ya rubuto maka "wane jahili ne ya yi wannan?", ranar za ka dawo ka nemi rubutun nan ka sake karantawa, ba tare da taɓe baki ba.

Na san dai duk da haka wasunku sun riga sun wasa alƙalami za su rubuto mini. Ƙofa a buɗe take. Sharaɗina kaɗan ne: a fara da sallama, a faɗi sakin layin da matsalar take, a faɗi abin da aka zaci za a gani da abin da aka gani. Yallaɓai, kai kuma kar ka sa mini awa 24. Ranar Lahadi da yamma nake duba saƙo.